Layi da asusu: ta inda baƙo zai fara a Birtaniya

Duk watan Satumba da Janairu, lokacin da jami'o'in Birtaniya ke karɓar sabbin ɗalibai, wayata ba ta hutawa. Wani ɗan abokin yayana ne, wani maƙwabcinmu ne a gida, wata kuma lambata kawai aka ba ta aka ce in ta sauka ta neme ni. Bayan gaisuwa da ban gajiya, tambayar ba ta wuce biyu: "Yaya, wane layi zan saya? Wane banki ya fi kyau?" So suke in ambaci suna ɗaya nan, ɗaya can, a wuce wurin. Ni kuwa na daina amsawa da suna, domin na ga wanda ya buɗe asusu a banki mai kyau ya rasa shi kafin wata huɗu, na kuma ga wanda ya sayi layi mai ƙarfi ya zame masa ƙarfen ƙafa har shekara biyu. Sunan kamfani shi ne ƙaramin abu a cikin maganar. Abin da ya fi shi nauyi shi ne wanne za ka fara yi, da me za ka sa wa hannu, da abin da za ka bari ya ratsa ta cikin asusunka.

A gida mutum ne ke shaidar mutum. In za ka kama haya a Kano ko Zariya, dillali ya san kawunka, mai unguwa ya san gidanku, magana ta ƙare. A nan ba wanda ya san ka, takarda ce ke tsaya maka, kuma kowace takarda ƴar'uwarta take nema. Banki na son shaidar adireshi. Mai gida na son ganin bayanan asusunka kafin ya ba ka makulli. Wurin aiki ba zai damƙa maka albashi a hannu ba. Kamfanin waya ba zai ba ka kwantiragi ba sai kana da asusun da zai riƙa cirar kuɗinsa. Dukkansu kuma sai sun tambayi lambar wayarka ta nan, wadda ke farawa da 07. Baƙo na ganin wannan sai ya ji kamar an rufe masa kowace ƙofa. Zare ne kawai ya sarƙe, bakin zaren kuwa layi ne.

Layi ne mafi sauƙi saboda a Birtaniya ba a yi wa layin da ake saka wa kati rajista. Ba hoto, ba dangwala yatsa, ba haɗawa da lambar NIN irin wadda aka wajabta mana a Najeriya tun ƙarshen 2020. Ka shiga kantin unguwa ko babban kanti irin Tesco ko Asda, ka ɗauki sim a kan fam ɗaya, wasu kamfanonin ma kyauta suke aiko shi ta gidan waya. Sunayen da za ka gani a jikin kanta suna da yawa har su rikita ka, amma masu ƙarafan sabis ɗin huɗu ne: EE, O2, Vodafone da Three, kuma biyun ƙarshe sun haɗe sun zama kamfani ɗaya a 2025, ko da yake kowanne na nan da sunansa. Sauran duk ƴan haya ne a kan ƙarafan waɗannan. giffgaff da Tesco Mobile kan O2 suke, Lebara da VOXI kan Vodafone, SMARTY da iD Mobile kan Three, Lycamobile kuma ya koma kan EE a 2023. Ma'anar wannan ita ce wanda ya sayi layin ɗan haya daga ƙarfe ɗaya yake sha da wanda ya sayi na mai ƙarfen, sau da yawa kuma a kuɗin da bai kai nasa ba. Da fam 10 a wata, ko ƙasa da haka, za ka samu kira da saƙo a cikin ƙasa ba iyaka, da datar da za ta ishe ka in akwai intanet a gida da makaranta.

Don haka tambayar da ta dace ita ce: wane ƙarfe ne ke kamawa a ɗakin da nake kwana da wurin da nake aiki? Hukumar sadarwa ta Ofcom tana da shafin da za ka sa lambar unguwarka, wadda ake rubutawa a ƙarshen adireshi, ya nuna maka ƙarfin kowanne. Amma ni na fi yarda da tambayar waɗanda ka tarar a gidan. Tsofaffin gidajen bulo masu kaurin bango, da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ɗalibai kan samu da araha, suna kashe sabis yadda taswira ba za ta nuna ba. Ka duba wayarka ma: EE da Vodafone sun kashe 3G a farkon 2024, sauran suka bi bayansu, saboda haka tsohuwar wayar da ba ta kama 4G wahala kawai za ta ba ka.

Kiran gida galibi ta WhatsApp ake yi yanzu, amma wanda mahaifiyarsa ke ƙauye da ƙaramar waya mai tocila ya san ba kowa ake samu ta data ba. Lebara da Lycamobile da kasuwar baƙi suka ginu, suna haɗa mintunan kiran ƙasashen waje a cikin tsarinsu. Kada ka tsaya kan adadin ƙasashen da aka rubuta da manyan baƙi a jikin talla. Buɗe jerin ka ga ko Najeriya ko Nijar ko Ghana na ciki, kuma ko kiran wayar hannu ake nufi ko na wayar tebur.

Inda nake jan kunnen kowa shi ne kwantiragi. Akwai wani yaro mai hankali da ya zo digiri na biyu, ya samu aikin cike kanta da dare. Wata na huɗu ya shiga wani shagon waya a tsakiyar gari ya fito da sabuwar waya a kwali, ya zo yana nuna mini yana murna, wai ko sisi bai biya ba. Na karɓi takardar na karanta, wata 24 ne. Karatunsa kuwa wata 12 ne. Abin da aka ba shi bashi ne, an dai yi masa kwalliya. A ce fam 45 ne a wata: cikin shekara biyu ya zama fam 1,080, ban da ƙarin da ake yi duk shekara. Tun 17 ga Janairun 2025 Ofcom ta tilasta wa kamfanoni su faɗi ƙarin nan da fam da kwabo tun ranar sa hannu, ta hana su ɗaura shi da hauhawar farashi, amma ba ta hana ƙarin ba. In ka daina biya, ko don aiki ya tsaya ko don ka koma gida, za a rubuta maka gazawa a tarihin bashinka, kuma shekara shida take yi kafin ta goge. Akwai waɗanda suka tafi suna ganin sun bar abin a baya, suka dawo bayan shekara uku da bizar aiki suka tarar yana jiran su wajen neman haya. Wanda kuma aka ƙi ba shi kwantiragin, ya fita ya gwada shago na biyu da na uku a rana guda, kowane gwaji yana barin sawu a tarihinsa, masu ba da bashi kuma ba sa son ganin sawu barkatai.

Shawarata ba ta canzawa: ka riƙe wayar da ka zo da ita, ka ɗauki tsarin wata-wata wanda za ka iya bari ran da ka ga dama. Ba ka rasa komai, domin lambar taka ce. In wani kamfani ya fi maka, ka tura kalmar PAC zuwa 65075, a aiko maka da lambar ƙaura kyauta, ka ba sabon kamfanin, cikin ranar aiki ɗaya lambarka ta koma can. Tun Yulin 2019 ake haka. Wannan ne ma ya sa nake cewa lambar farko da ka samu ka riƙe ta gam. Da ita za ka buɗe asusu, ita za ka ba likita da makaranta da ofishin shige da fice. Masu canza sim duk wata don bin garaɓasa su ne ke wayar gari banki ya tura lambar sirri zuwa layin da suka jefar.

Sai layin gida, wanda kusan kowa ke mantawa da shi har sai ya ɓaci. Lambar nan taka ta MTN ko Airtel ko Glo ita ce ke ɗaure da BVN ɗinka, da NIN, da asusunka na gida, da WhatsApp, wataƙila har da imel ɗinka. Ƙa'idar hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta ba kamfanoni damar rufe layin da ya yi wata shida ba a yi amfani da shi ba, daga baya kuma su sake sayar da lambar ga wani. Ka zauna ka yi tunanin abin da hakan ke nufi: wani da ba ka sani ba a Fatakwal ko Gusau yana karɓar alat ɗin asusunka, ana tura masa lambobin sirrinka, yana iya buɗe WhatsApp da lambar da danginka suka san ka da ita. Wata baiwar Allah da ke aikin kula da tsofaffi a nan ta kira ni tana kuka, ƙaninta na kwance a asibiti a gida, akwai kuɗi a asusunta na naira, amma ta kasa tura ko kwabo domin lambar sirrin na zuwa layin da ya mutu tun bara. Sai da aka bi ta hannun mutane aka ranta kafin a yi masa aiki.

Maganin abin ba shi da tsada. Kafin ka taso ka tabbatar an buɗe wa layin damar aiki a ƙasar waje, ka bar shi a cikin waya. Nan wayoyinmu masu sim biyu suka yi rana, waɗanda ke da eSIM kuma, wato sim ɗin da ake saukewa cikin waya ba tare da an zura kati ba, sai su sa na nan a ciki su bar gurbin ga na gida. Karɓar saƙo galibi ba a cajinsa, amma karɓa kaɗai ba ya isa a ce layi na aiki, don haka duk bayan wata biyu ko uku ka saka masa kati ka tura saƙo ɗaya. Ka kashe masa data, in ba haka ba katin zai ƙone cikin minti kaɗan. Wasu kamfanonin suna da tsarin da za ka biya su ajiye maka lamba na tsawon lokaci, ka tambaya kafin tafiya. Ka je bankinka na gida da ƙafarka ka sa su riƙa turo alat ta imel, ka tabbatar manhajarsu na aiki a wayarka, domin gyaran da zai ɗauke ka rabin awa a reshe yana iya cin wata biyu daga nesa. Asusun ma in ya shekara ba motsi za a ɗauke shi a matsayin wanda ya kwanta. Kada kuma ka bar wa wani layin ya riƙa karanto maka lambobi ta waya, ko ɗan'uwanka ne. Ba zargi ba ne, waya na ɓata, ana kuma sace ta. Abu na ƙarshe a nan: asusunka na hukumar shige da ficen Birtaniya, inda bizarka take tun da katin izinin zama na BRP ya ƙare aiki a ƙarshen 2024, shi ma lambar sirri yake turowa. Da ka samu layin nan ka shiga ka sabunta lambar.

Yanzu banki. Kashi uku za ka tarar. Akwai manyan bankuna masu rassa a titi: Barclays, HSBC, Lloyds, NatWest, Santander, da Nationwide wanda a tsarinsa mallakar masu ajiya ne. Akwai bankunan da a waya kawai suke, irin Monzo da Starling, waɗanda cikakkun bankuna ne masu lasisi duk da ba su da reshe. Sai kamfanonin da ke ba ka kati da lambar asusu amma a doka ba bankuna ba ne, irin Wise. Bambancin yana fitowa ne ran da kamfani ya durƙushe. Kuɗin da ke cikakken banki yana ƙarƙashin kariyar tsarin FSCS mai biyan masu ajiya in banki ya durƙushe, wanda ya daɗe a kan fam 85,000 ga kowane mutum a kowane banki, aka ɗaga shi zuwa fam 120,000 daga 1 ga Disamban 2025. Kamfanin da ba banki ba doka ta sa ya ware kuɗin mutane daban da nasa, amma wannan kariyar ba ta hau kansa ba. Yana da kyau wajen canji da tafiye-tafiye, sai dai ban ba kowa shawarar ya zuba kuɗin makarantarsa a ciki ya kwanta ba.

Ga baƙon da ya sauka jiya, bankin waya ne ya fi saurin buɗe ƙofa. Za ka ɗauki hoton fasfo, ka yi ɗan gajeren bidiyon fuskarka, ka ba da adireshin da za a aiko kati, wani lokaci su nemi shaidar biza. Sau da yawa a ranar za ka samu lambobin asusunka guda biyu, ta reshe mai lamba shida da ta asusu mai lamba takwas, saɓanin guda ɗaya mai lamba goma da muka saba da ita. Su za ka kai wurin aiki. Manyan bankuna sun fi tsauri kan shaidar adireshi: takardar haya, ko takardar harajin gunduma, ko ta wuta da gas, abubuwan da wanda ya sauka a ɗakin abokinsa ba shi da su. Ɗalibi yana da mafita, domin jami'a na ba da wasiƙa ta musamman don banki bayan ka gama rajista. Ka fara sa adireshinka na nan a shafinka na makaranta, ka kuma duba an rubuta shi daidai da yadda ka cike wa banki, har lambar ɗaki, domin harafi ɗaya na sa a mayar da kai. Ma'aikaci kuma ya nemi wasiƙa daga wurin aikinsa. Adireshin kuma ya zama inda kake kwana da gaske, ko na mako biyu ne, ran da ka tashi ka canza shi. Ba da adireshin da ba ka taɓa zama ba ƙarya ce ga banki, ga katinka da wasiƙunka suna faɗawa hannun wasu.

In an ƙi ka, akwai haƙƙin da mutanenmu da yawa ba su san da shi ba. Tun 2016 doka ta wajabta wa manyan bankuna tara su buɗe wa mazaunin ƙasar na halal da ba shi da wani asusun, ko bai cancanci na yau da kullum ba, asusu mai sauƙi wanda ba a biyan kuɗin wata. Yana da kati, yana karɓar albashi, ana biyan haya da wuta da shi. Abin da ba shi da shi kawai shi ne damar cin abin da ya fi kuɗinka, kuma ga da yawanmu wannan ba rashi ba ne. Bashin zarcen nan da bankuna ke liƙa wa asusu ruwansa na kaiwa kashi 35 zuwa 40 cikin ɗari a shekara a mafi yawan manyan bankuna. Wanda ke gudun riba ya ce ba ya so tun wajen cike fom, ba wanda zai tilasta masa. Asusun yau da kullum galibi ba ya ba da ruwa, saboda haka ba matsala a nan. Wajen ajiya ne ake buƙatar lura, kuma akwai bankunan Musulunci irin Al Rayan, wanda aka kafa a 2004 da sunan Islamic Bank of Britain kafin ya canza suna a 2014, da Gatehouse, masu ba da ribar kasuwanci maimakon ruwa.

Wanda ya zo da tsabar kuɗi ya lura da abu biyu. Fam 10,000 ko fiye sai an bayyana su ga kwastan wajen shigowa. Sannan in za ka sayi fam a Wapa ko wajen wani ɗan canji, ka duba takardun: fam 20 da fam 50 na takarda sun daina aiki a kantuna tun bayan 30 ga Satumban 2022, na leda ake karɓa. Na ga wanda ya miƙa tsohuwar hamsin a kanti ranar da ya sauka aka dawo masa da ita, ya tsaya riƙe da burodi da madara bai san abin yi ba. Bankunan kan titi galibi sai kana da asusu a wurinsu suke karɓar su, amma babban bankin ƙasar, Bank of England, yana canza su ko ba ka da asusu. Ka kuma ajiye rasidin canjin. Ƙasar ma ta kati ce, motocin bas na Landan tun 2014 ba sa karɓar tsaba.

Ni abin da nake gaya wa kowa shi ne ya buɗe na waya a makon farko, in takardunsa sun kammala ya ƙara da na babban banki. Biyu sun isa. In ɗaya ya tsaya kana da na sayen abinci. Kada ka damu ko ka zaɓi wanda bai fi ba, domin akwai tsarin ƙaura tsakanin bankuna tun 2013 wanda cikin ranakun aiki bakwai ake kwashe maka komai zuwa sabon, har da izinin cire kuɗin wata-wata da ka bayar. Da biyan irin waɗannan kuɗaɗen a kan lokaci ne ma sunanka ke ginuwa a hankali wajen kamfanoni uku masu ajiye tarihin bashi, Experian da Equifax da TransUnion. Akwai hanya ɗaya ta kyauta da ke taimakawa ƙwarai: rajistar zaɓe. Ɗan ƙasar Commonwealth mai izinin zama yana da damar shiga kundin masu zaɓe, ko ɗalibi ne, kuma masu ba da haya da bashi da wannan kundin suke tabbatar da adireshi. Ɗan Najeriya da Ghana da Kamaru sun shiga ciki. Ɗan Nijar da Chadi da Sudan ba su da wannan damar, sai su dogara da takardun wuta da haya da ke ɗauke da sunansu.

Na bar zancen canjin fam da naira ta bayan fage a ƙarshe ne don shi ya fi cinye mutanenmu, kuma mutanen kirki yake ci. Kana da fam kana son naira, wani a zauren WhatsApp yana da naira yana son fam, ko akasin haka. Farashinsa ya fi na manhaja. Ka tura masa naira a gida, ya ce za a turo maka fam. Fam ɗin ya shigo, amma daga sunan da ba nasa ba, wani ma daga mutum biyu ko uku. A idonmu ciniki ne ya faɗa, kowa ya samu abin da yake so. Abin da ba ka sani ba shi ne daga ina fam ɗin ya fito. In wata tsohuwa ce aka yaudara a wani gari ta tura, ta kai ƙara bankinta, asusun da kuɗin ya sauka shi za a bi, wato naka. Wanda ka yi cinikin da shi ya riga ya ci nairarsa ya kashe waya. Banki zai daskarar da asusun, ya nemi ka kawo shaidar dalilin shigowar kuɗin, kai kuma abin da ke hannunka hira ce ta WhatsApp da mutumin da ba ka san sunansa na gaskiya ba.

Abin da ke biyo baya ya fi rufe asusu muni. Banki na iya sa sunanka a rumbun Cifas, inda bankuna da kamfanonin waya da masu ba da bashi ke duba waɗanda aka samu da hannu a zamba, kuma alamar na iya kai shekara shida. Cikin wannan lokacin da wuya wani banki ya karɓe ka, asusunka na biyu ma yana iya tafiya. Mutum ba asusu a ƙasar da ba a biyan albashi a hannu, ka ga inda aka kwana. Wanda kuma ya ba da aron asusunsa da saninsa, aka ce masa kuɗi za su ratsa ya cire kasonsa, dokar 2002 kan dukiyar haram ta tanadi ɗaurin da ke iya kai shekara 14. Masu wannan sana'a sabbin ɗalibai suke farauta, domin asusunsu sabo ne, aljihunsu kuma ya yi zafi. Daɗin daɗawa, hukumar FATF mai sa ido kan safarar kuɗin haram ta sa Najeriya cikin jerin ƙasashen da ake sa wa ido a Fabrairun 2023, ba ta cire ta ba sai Oktoban 2025, wannan ya sa bankuna suka ƙara tsananta tambaya kan duk abin da ya shafi can.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne ƙanƙantar ribar da ake saida rai a kanta. A ce manhaja mai lasisi na ba da naira 1,960 kan fam, ɗan zaure na ba da 2,000. Kan fam 500 bambancin naira 20,000 ne, wato kusan fam 10. Akwai kamfanonin aika kuɗi masu rajista da yawa, LemFi, Remitly, WorldRemit, Sendwave, Wise, kuma hanyar gwada su ɗaya ce: kada ka kalli inda aka rubuta babu caji, ka sa adadin fam ɗaya a biyu ko uku ka ga naira nawa za ta sauka a hannun wanda ka aika wa. Wanda bai caje ka a fili ba yana cin nasa a farashin canji.

Adashe ma yana buƙatar tsari a nan. Ba laifi ba ne mutum goma su riƙa haɗa fam 200 duk wata, amma kwamfutar banki abin da take gani shi ne mutum tara sun turo wa ɗalibi kuɗi rana ɗaya, ya kwashe su washegari. Ku rubuta sunayenku da jerin kwasa a takarda kowa ya sa hannu, kowa ya turo daga asusun da ke ɗauke da sunansa, ya rubuta dalili a gurbin bayani, uwar adashe kuma ta ajiye komai. Haka kuɗin makaranta da iyaye ke turowa: ka ajiye shaidar inda suka fito.

In kuma an riga an daskarar da asusunka, kada ka je reshe kana ɗaga murya, ma'aikacin da ke gabanka sau da yawa doka ce ta hana shi faɗa maka dalili. Ka tattara abin da kake da shi, takardun albashi, rasidin canji, hirar da kuka yi, ka ba su gaskiyar abin da ya faru ba ƙari ba ragi. Ka gaya wa wurin aikinka da wuri a karkatar da albashin wata mai zuwa. Ka shigar da ƙorafi a rubuce, in mako takwas ya wuce ba su warware ba, ko amsarsu ba ta gamsar da kai ba, ka kai maganar ofishin Financial Ombudsman Service mai raba gardama tsakanin bankuna da masu hulɗa da su, ba a biyan ko kwabo. Kana kuma da haƙƙin rubuta wa Cifas ka nemi su nuna maka abin da aka rubuta a kanka da bankin da ya rubuta shi, kyauta, domin daga wannan bankin ne za ka fara neman a goge.